Ɗan Tauri a Layin Allurar Sanƙarau

(Farfajiyar wata likita a Tawa, da zafin bazara. Majo, babban ma'aikacin jinya, yana fitar da kwalaben allura daga akwatin sanyi, Mai Gadi yana hura gawayin shayi a bakin ƙofa. Ɗan Tauri ya rako ƙanensa, layu har gwiwar hannu.)

MAJO: Malam, ka shiga layi mana, tunda Allah ya kawo ka.

ƊAN TAURI: Ranka ya daɗe, rakiya na yi. Ni na gama da cuta tun ina goye, domin ƙyanda ta kama ni, ta sha kashi, kuma daga ranar ba ta sake leƙo gidanmu ba.

MAJO: A nan ka faɗi gaskiya, wanda ya yi ƙyanda ya tashi, da wuya ya sake yin ta har tsufansa. Sai dai aikin fararen ƙwayoyin jininka ne, layunka ba su da hannu a ciki. Akwai wasu da ake kira B, waɗanda ɓargo yake haifarwa, su ne suke ƙera sinadarin da yake manne wa ƙwayar cuta ya hana ta sakat. Akwai kuma T, waɗanda suke zuwa su balaga a wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji. Wasunsu suna ba da umarni, wasu suna kashe ƙwayoyin jikin da cuta ta riga ta shige ta ɓuya.

ƊAN TAURI: Ashe runduna guda nake ciyarwa, shi ya sa tuwon dare ba ya isata.

MAJO: Ka taɓa jin ciwo a ƙafa, sannan kaluluwa ta fito maka a matsematsi?

ƊAN TAURI: Har na kai wa wanzami, ya ce jifa ne.

MAJO: A cikin wannan kumburin fararen ƙwayoyin nan suke taruwa suna hayayyafa. Karon farko sukan ɗauki mako guda zuwa biyu kafin su yi yawan da za su ci ƙarfin cutar, shi ya sa mutum yake kwanciya. Bayan an gama, wasu kaɗan suna saura shekara da shekaru riƙe da kamannin ƙwayar, idan ta dawo su tare ta cikin 'yan kwanaki, mai jikin ma bai sani ba. Allurar rigakafi tana nuna musu ƙwayar ne a raunane, ko wani ɓangare nata, don su haddace ta ba tare da an yi jinya ba.

MAI GADI: Wannan aikina ne, Majo. Ɓarawon da na taɓa kamawa, ko da nikabi ya zo zan gane tafiyarsa, amma baƙon da ban taɓa gani ba, in ya yi sallama da kyau, ni da kaina zan buɗe masa ƙofa.

ƊAN TAURI: To, ai magana ta ƙare, tunda masu gadina sun ga ƙyanda.

MAJO: Ƙyanda kaɗai suka gani, ba su san sanƙarau ba ko a mafarki. Ƙari ma, ƙyanda takan goge wani sashe na abin da jikin yaro ya riga ya haddace game da sauran cututtuka, don haka nasarar da kake taƙama da ita tana da tsada.

ƊAN TAURI: Ko sanƙarau ɗin ma an yi mini allurarsa tuntuni, lokacin da aka bi gari ana yi wa duk wanda bai kai shekara 30 ba.

MAJO: Waccan ita ce MenAfriVac, wadda aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, kuma ta yi aiki ƙwarai, domin ta kusa shafe nau'in A na ƙwayar sanƙarau daga yankin nan. Amma a 2015 nau'in C ya ɓarke, ya cika gadajen Yamai, saboda ɓawon da ke lulluɓe da shi dabam ne, sinadarin da jiki ya ƙera wa A ba ya kama shi. Wadda ke hannuna tana haɗe da nau'i biyar: A, C, W, Y da X.

ƊAN TAURI: Duk na ji, sai dai ina tausaya wa kayan gwamnati, domin allurar nan lanƙwashewa za ta yi a fatata.

MAJO: Muna da kwali guda, in ta lanƙwashe mu sake wata. Ina karnen allurarka ta wancan zagaye?

ƊAN TAURI: Akuya ta cinye shi.

MAI GADI (ya ajiye mafici, ya ƙura masa ido): Majo, tsaya. Tun shigowarsa nake cewa na san wannan ƙeyar. Ashe kai ne yaron da ya ga an zuƙo ruwan allura, ya fita ta taga ya bar takalmi ƙafa ɗaya!

ƊAN TAURI: Baba, kama ce, mutane suna kama da juna.

MAI GADI: Takalmin yana ɗakina har yanzu, a ɗauko a gwada.

MAJO: Ke nan ko A ɗin ma ba ka da ita. Baba, rufe tagar nan tukuna. Malam, naɗe hannun riga.

ƊAN TAURI: Ranka ya daɗe, don Allah, babu ta sha?