Kuɗin ado na fita daga ƙananan hukumomi, masu zanen karkara suna kallo

Wani yayi ya shigo ƙananan hukumomin Kano da Jigawa wanda ya kamata a yi magana a kansa tun bai zama al'ada ba. Kusan duk garin da mutum ya nufa yanzu, zai tarar an gina ƙofar shiga gari ko ɗan shataletale a mararraba, an manna masa tayil irin na banɗaki, sannan an lulluɓe samansa da ƙatuwar leda da aka bugo a inji, ɗauke da fuskar ciyaman da ta manyansa na siyasa. Haka ake yi wa katangar sakatariya da ta asibitin sha-ka-tafi, har da ta makarantar firamare. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatar da hukuncin, kowane shugaba yana neman aikin da ido zai gani daga bakin titi. Ba ni da ja da wannan. Abin da ya dame ni shi ne, ana kashe kuɗin jama'a a kan ado, ado kuwa sana'a ce mai masu ita a waɗannan garuruwa, amma ko sisi ba ya kai wa hannunsu.

Idan aka tayar da zancen, amsar da ake bayarwa guda ce, kuma masu ilimi ne suka fi bayar da ita: wai mutumin ƙauye rijiyar burtsatse da taki da magani yake buƙata, zane kuma shagalin 'yan birni ne, na waɗanda suka ci suka ƙoshi. Da a ce masu wannan magana sun hana a kashe ko kwabo a kan ƙofar gari da fenti da leda, da sai mu zauna mu yi muhawara ta gaskiya a kan abin da ya fi cancanta. Amma kuɗin yana fita kowace shekara, yana cikin kasafi, ana rubuta shi da sunan gyara ko ƙawata gari. Ba a tuna cewa talaka yunwa yake ji sai lokacin da aka ce a kira mai zanen garin a ba shi aikin. Idan ɗan kwangila ne zai kai hoto shagon bugawa a birni ya dawo da leda a bayan mota, babu wanda ke tuna rijiya.

Kuma maganar cewa ado baƙo ne a karkara jahilci ne da tarihin ƙasar nan. A Birnin Kudu, a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen da suka riga mu zama a wurin suka bari, yana nan har yau ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Maginan Hausa ba su taɓa ɗaukar gini ya kammala ba sai an yi masa zankwaye, an shafe shi da makuba, an fitar da dagi a goshin zaure tun yaɓen yana ɗanye. Sana'ar tana da shugabanci da tsari, akwai Sarkin Magina a masarautu, kuma sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai ɓata ba har yau, ɗaliban zanen gine-gine suna karanta aikinsa. Fadar Sarkin Dutse da ke Garu, wadda baƙi ke zuwa ɗaukar hoton bangonta, hannu ne ya yi ta. Matan ƙauye suna yin jere, suna shafa farar ƙasa a ɗaki, suna ƙona zane a jikin ƙwarya, alarammomi suna yin zayyana a allon sauka, marinan Kura suna fitar da turkuɗi da Buzaye ke saye daga nesa. Mutanen da suka rayu da wannan duka ba sa buƙatar wani jami'i ya gaya musu cewa ido ba ya cin abinci.

Wasu kuma suna fakewa da addini, suna cewa hoto haramun ne. Babu wanda ya nemi a kafa gunki a mararraba, adon bangon Hausa dagi ne da ganye da rubutu, kuma mai tsoron hoto ya fara da ledar da ke ɗauke da fuskoki biyar a ƙofar garinsu.

Ya kamata mai karatu ya san yadda mai zane yake rayuwa a garin kasuwa, domin a nan ne ɓarnar take. A da yana da ƙofofi da yawa. Shi ke rubuta allon kemis da na tela da na mai gyaran rediyo, shi ke zana bayan babbar mota da addu'ar da direba ya zaɓa, shi ke rubuta baƙaƙe da taswirar Najeriya da sassan jikin ɗan Adam a bangon aji, lokacin zaɓe kuma ya rubuta sunan ɗan takara a yadi da katanga. Da waɗannan yake ciyar da gida, yake sayen fenti da buroshi, yake riƙe yara biyu ko uku da ke wanke masa gwangwani suna koyon yadda ake jan layi ba tare da hannu ya yi rawa ba. Injin bugawa ya zo ya ɗauke allunan shaguna da aikin siyasa, kuma wannan ba laifin kowa ba ne, mai shago yana da ikon zaɓen abin da ya fi masa araha. Abin da ya rage wa mai buroshi shi ne bango, babban mai bango a karkara kuwa hukuma ce: ajujuwa, asibitoci, rumfunan kasuwa, tashar mota, tankin ruwa. Idan hukuma ma ta koma leda, to an rufe ƙofa ta ƙarshe, kuma yaron da ke wanke gwangwani zai ajiye ya tafi haya da babur, don babu uban da zai bar ɗansa a sana'ar da ba ta ciyar da mai ita.

Ko a inda aka kira shi, yadda ake kiran ma abin takaici ne. Na tsaya a gaban wata makarantar firamare da aka yi wa gyara, mai zanen yana kan tsani yana fitar da harafi a jikin bango mai kaushi, ya ɗaure gwangwanin fenti da igiya a ƙugunsa, yana jan layi da zare da ya shafa wa shuni don rubutun ya miƙe. Ɗan kwangilar ya leƙo daga mota ya ce, "Malam, ka yi mana mai sauƙi kawai, gobe za a zo dubawa." Shi kuma ya amsa, "Ranka ya daɗe, fentin nan an tsinka shi da yawa, ba zai kai damina biyu ba." Aka ce masa ya yi da abin da ya samu. Babu takarda tsakaninsu, babu kafin alƙalami, sai alkawarin za a neme shi idan an biya kuɗin aikin. Mutumin ya san aikinsa, ya san irin fentin da ke jure rana da wanda ke ɓarewa, amma ba shi da bakin magana, domin a lissafin kwangilar shi lebura ne, kuma idan zanen ya koɗe baɗi sunansa ne zai ɓaci a gari, ɗan kwangila ya riga ya yi gaba.

Ita ledar da ake fifitawa, a duba ƙarshenta. Rana ta ci launinta cikin 'yan watanni, fuskokin su koma ruwan toka, iskar hunturu ta yage gefe, guguwar farkon damina ta ƙarasa sauran. Daga nan sai ka gan ta a kan rumfar mai shayi ko an rufe buhunan gero da ita. Idan aka yi sabon ciyaman kuma, dole a cire ta ko da ba ta lalace ba, a bugo wata da sabuwar fuska, a sake biya. Wannan shi ake kira araha. Bangon da gwani ya shafe da kyau ya yi wa zane da fenti mai nagarta yana ɗaukar shekaru, gyaransa kuma aikin kwana kaɗan ne ga mutumin da ke zaune a garin, wanda zai ji kunyar ya wuce kullum ya ga aikinsa ya lalace.

Akwai kuma batun suna, wanda nake ganin ya fi kuɗin ma muhimmanci ga mai son ya gina sana'a. Lokacin da aka rushe shataletalen ƙofar Gidan Gwamnatin Kano a watan Yunin 2023, gari ya ɗauka, kuma cikin kwana ɗaya mutane suka san cewa Kaltume Gana ce ta zana shi domin bikin cikar jihar shekara 50. Ko mutum yana goyon bayan rusau ɗin ko yana adawa da shi, ya ga cewa aikin yana da mai shi, kuma jama'a sun damu da abin da ke tsaye a titinsu. A ƙauye ana shafe aikin mai zane da fentin launin jam'iyya ba tare da an ko sallama masa ba. A allon ƙaddamarwa za ka ga sunan wanda ya yanke ƙyalle da sunan kamfanin da ya yi kwangila, ba za ka ga sunan wanda ya hau tsani ba. Mai zane kuwa da suna yake cin abinci: wani ya ga bango ya burge shi, ya tambayi wa ya yi, a nuna masa shago. Idan aka hana shi ɗan rubutun nan a kusurwar bango, an hana shi aikin da zai biyo baya. Ƙasar da ta sa hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane, a takardar naira 20 ta san darajar suna ga mai sana'ar hannu, sai dai sanin bai sauko ƙaramar hukuma ba.

Za a ce ai ana ba su tallafi. Mun ga irin tallafin: a tara matasa a harabar sakatariya, a raba musu galan na fenti da buroshi, a ɗauki hoto a sa a Facebook, kowa ya watse. Mai sana'a ba sadaka yake nema ba, ciniki yake nema, kuma hukumar da ta ba shi buroshi yau ta kai aikin bangonta birni gobe ba ta taimake shi da komai ba. Haka nan ma'aikatar fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira da gwamnatin tarayya ta kafa a 2023, duk taron da za ta yi a Abuja ba zai sa a ba mai zanen Ringim ko na Rano bangon aji guda ba, domin wanda ke sa hannu a wannan aikin yana sakatariya ne.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne, ba gwanaye muka rasa ba. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana yaye ɗalibai, tun kafin makarantar ta zama jami'a, a zamanin ƙungiyar masu zanen Zariya ta 1958, wadda ta tsaya a kan cewa mai zanen Najeriya ya ɗebo daga al'adar gidansu. Kwalejojin ilimi ma suna yaye malaman zane, da yawansu 'ya'yan karkara ne. Suna komawa gida sai a ba su darasin da ba nasu ba a makaranta, ko su tattara su koma birni su zauna gaban kwamfuta suna haɗa hotunan 'yan siyasa, wato su zama masu yin ledar da ta kashe sana'ar garinsu. Ga tsofaffin magina da suka iya fitar da dagi da hannu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ga matasa masu takarda da ba su taɓa taɓa makuba ba, kuma babu aikin da zai haɗa su a gindin bango ɗaya. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 27. Ko aji ɗaya da asibiti ɗaya kowace ta bayar a shekara, aiki ne da zai riƙe shaguna masu yawa da yaransu.

Gyaran ba ya buƙatar wata sabuwar hukuma. Faransa tun 1951 take ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gina makarantun gwamnati domin aikin masu fasaha, daga baya ta faɗaɗa shi zuwa sauran gine-ginen hukuma. Ba sai mun kwafi dokarsu ba, amma majalisun jihohin biyu za su iya cewa duk ginin da ƙaramar hukuma ko hukumar ilimin bai-ɗaya za ta yi, a fitar da kuɗin ado daban daga kwangila, a biya mai zanen yankin hannu da hannu, da takarda, da kafin alƙalami, da sunansa a bango. A tambayi hakimi da dagaci da malaman makaranta abin da suke son gani, garin masunta a bakin kogin Haɗeja ba zai zaɓi abin da garin marina zai zaɓa ba. Su ma masu zanen su daina karya wa juna farashi a gaban ɗan kwangila, su haɗa kai su je sakatariya da murya ɗaya kamar yadda direbobi da mahauta suke yi. Kansiloli kuma, waɗanda ake karanta musu kasafi su ɗaga hannu, su tambaya a zaman da za a yi na kasafin baɗi nawa aka kashe a kan leda a shekara biyun da suka wuce, wane shago aka biya, kuma guda nawa ne har yanzu suke rataye a inda aka ɗaura su.