Ƙungiyar da Ta Sallama Tsakiyar Fili Ba Ta da Bakin Kukan Alƙalin Wasa

Haƙurin magoya bayan ƙungiyar garinmu ya kai maƙura, kuma lokaci ya yi da za a faɗa wa mai horarwa da shugabannin da suka ɗauko shi gaskiyar da suke toshe kunne daga jin ta. Gasar rukuni na biyu ta ƙasa muke bugawa, wato NNL, don haka babu wanda ya ce a nuna masa ƙwallon Barcelona, amma ba mu yarda a riƙa karɓar kuɗinmu a bakin ƙofa, mu zauna a kan siminti mai ƙuna cikin ranar la'asar, sannan a shafe minti 90 ana cilla ƙwallo sama ba tare da an haɗa fasin uku a jere ba. Duk ranar da aka doke mu, ko aka riƙe mu canjaras a gida, jawabin koci ɗaya ne: alƙalin wasa ya zalunce mu, fili ba shi da kyau, yara sun sha hanya. Kowanne daga cikin waɗannan yana da ƙamshin gaskiya, amma babu wanda ya bayyana dalilin da ya sa ƙungiyarmu take shiga fili kowane mako ba ta da tsakiya.

A kan takarda, tsarin koci 4-4-2 ne, wato 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu (biyu daga cikinsu a gefe), da 'yan gaba biyu. A cikin fili kuwa, da zarar an busa usur, 'yan gefen nan biyu sai su haye gaba su jeru da 'yan gaba, ba sa waiwayowa ko da ƙwallo ta kuɓuce mana, sai tsarin ya rikiɗe ya koma 4-2-4, a bar mutum biyu rak su tsare faɗin fili gaba ɗaya. Yawancin ƙungiyoyin da ke baƙuntarmu da mutum uku suke zuwa a tsakiya, kuma lissafin abin da zai biyo baya ba ya buƙatar takardar shaidar horarwa. Idan lamba 6 ɗinmu, wato ɗan tsakiya mai tsaro, ya fita ya tari mai raba musu ƙwallo, ya bar lamba 10 ɗinsu, mai ƙirƙiro musu dama, shi kaɗai a gaban 'yan bayanmu. Idan kuma ya tsaya ya tsare lamba 10, mai raba ƙwallon ya sami sukunin juyawa, ya ɗaga kai, ya zaɓi inda ya ga dama ya aika. Daga nan sai ɗaya daga cikin 'yan bayan tsakiya ya ga ba makawa ya fito daga layinsa don ya toshe ɓarakar, kuma gurbin da ya bari shi ne hanyar da ake bi a zura mana ƙwallo. Mun ga irin wannan ƙwallo ta shiga ragarmu har mun haddace ta, har yaran da ke sayar da ruwa a bayan raga suna iya faɗin ta kafin ta faru, amma mutumin da ake biya don ya gani bai gani ba, sai ma ya juya yana daka wa mai tsaron raga tsawa.

Wannan ba sabon darasi ba ne a duniyar ƙwallo. Lokacin da Jose Mourinho ya karɓi Chelsea a 2004, yawancin ƙungiyoyin Ingila 4-4-2 suke bugawa, shi kuwa ya dasa Claude Makelele a gaban 'yan baya, ya jera mutum biyu a gabansa, ya riƙa mallake tsakiya da rinjayen mutum ɗaya, har ya ɗauki kofin Firimiya na kakar 2004/2005 da ƙwallo 15 kacal a ragarsa cikin wasa 38. Masu kare kocinmu sukan ce ai da 4-4-2 Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya a 2016. Haka ne, amma su faɗi maganar har ƙarshenta: Leicester tana da N'Golo Kante a gefen Danny Drinkwater, tana da Shinji Okazaki, ɗan gaban da ke sauka ya zama na uku a tsakiya duk lokacin da ƙwallo ta bar hannunsu, kuma layukansu a matse suke, babu tazarar da baƙo zai tsaya a cikinta ya huta. Mu wanne muke da shi a cikin waɗannan? 'Yan gabanmu biyu tsayawa suke yi a kan layin satar gida, hannu a ƙugu, suna jiran a kawo musu. Shi kansa Kante, kada a manta, a rukuni na uku na Faransa ya buga wa Boulogne kakar 2012/2013, sannan ya koma Caen a rukuni na biyu, kafin duniya ta san sunansa. Ƙananan gasanni ba su rasa 'yan tsakiya na ƙwarai ba, idon da zai gane su da tsarin da zai fito da su ne ake rasawa.

Da aka matsa wa koci a kan dogon bugun nan da ba ya ƙarewa, hujjarsa ita ce fili ya yi gargada, ƙwallo ba ta gudu a ƙasa. Filinmu ba shi da kyau, wannan babu musu, amma a kan filin nan dai baƙi suke zuwa su aje ƙwallo a ƙasa su yi ta wasa da hankalinmu. Dogon bugu ma ba laifi ba ne ga wanda ya san yadda ake yin sa, domin amfaninsa yana ga wanda ya tsinci ƙwallon bayan an yi karon kai, kuma ba za ka tsince ta ba alhali mutum biyu ka aje su yi takara da uku. Abin da muke yi shi ne mu karɓi ƙwallo da gumi, mu miƙa wa abokan hamayya kyauta, mu koma baya mu sake neman ta.

Wanda ya fi kowa shan zagi a bana shi ne kyaftin ɗinmu mai lamba 10, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Gaskiya ne ƙafarsa ta yi sanyi: fasin da a da yake tsaga 'yan baya da shi yanzu a ƙafar baƙi yake ƙarewa, yana riƙe ƙwallo har a ƙwace, bugun tazararsa kuma a jikin katanga yake mutuwa. Sai dai masu jifansa da baƙar magana daga kan benci su tambayi kansu inda ake tsayar da shi. Mutumin da aikinsa shi ne ya karɓi ƙwallo a tsakanin layuka, fuskarsa tana kallon ragar abokan hamayya, an mai da shi na biyu a cikin 'yan tsakiya biyu, ana so ya koma har bakin da'irarmu ya yi ƙwace, sannan ya sake tasowa ya ƙirƙiro dama. A lokacin da ƙwallo za ta iso gare shi yana haki, ya juya wa raga baya, mutum biyu suna kansa, kuma babu wani nasa a kusa da zai ba. Ba a yi ɗan wasan da zai ci gaba da zama a kan ganiyarsa a cikin wannan hali ba. Rabi'u Ali, wanda aka fi sani da Pele, ya haura shekara 40 yana buga wa Kano Pillars wasa a babbar gasar ƙasa, yana kuma cin ƙwallaye, ba don ya fi samari gudu ba, sai don ƙwaƙwalwa da ƙafa irin nasa ba sa tsufa da wuri. Ɗan wasa mai irin wannan baiwa masu yi masa gudu ake nema masa, ba a mai da shi mai yi wa wasu gudu ba. Ban ce kyaftin ɗinmu ya kai Rabi'u Ali ba, amma nau'insu ɗaya, kuma abin da ake yi masa kisan mummuƙe ne.

Lamba 6 kuwa yaro ne mai zuciya da ake ƙona shi a banza. Kafin a kai minti 60 ƙarfinsa ya ƙare, musamman a zafin Maris da Afrilu, sai ya fara isa wurin ƙwallo a makare, ya harbi ƙafa maimakon ƙwallo, ya karɓi katin gargaɗi. Idan katunan suka taru aka dakatar da shi, sai koci ya ɗauko ɗan baya wanda bai saba karɓar ƙwallo a cikin cunkoso ba ya dasa a wurin, alhali ga wani matashi mai lamba 8 yana ɗumama benci, wanda duk ranar da aka jefa shi a ƙarshen wasa sai ka ga ƙwallo ta natsu, an fara ganin fasin ƙasa. Me ya hana a fara da shi? A gari ana ta raɗe-raɗin cewa akwai 'yan wasan da takardar manya ce ta kawo su, ba ƙafarsu ba, kuma shirun da koci yake yi a kan zaɓinsa shi ne yake ƙara wa maganar ƙarfi.

Sai batun canji, wanda ya isa ya sa mai kallo hawan jini. Tun 2020 dokar ƙwallo ta duniya ta buɗe ƙofar canjin mutum 5, aka kuma tabbatar da hakan a 2022, amma kocinmu yana tsaye yana kallon tsakiyarsa tana numfashi da ƙyar har sai an zura mana ƙwallo, sannan ya cire ɗan gaba ya sa ɗan gaba, ko kuma, abin takaici, ya cire ɗan tsakiya ya ƙara ɗan gaba na uku, wai yana neman farkewa.

Shugabannin ƙungiya ma kada su laɓe a bayan koci. Su ne suke sallamar yawancin 'yan wasa a ƙarshen kowace kaka, su zauna har sai gasa ta ƙarato sannan su kira tantancewa, sun manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakiyar fili wuri ne na sabo da juna, inda ɗan wasa yake sanin motsin abokinsa tun kafin ya motsa, kuma wannan ba ya samuwa a 'yan makonnin atisaye. Su ne kuma suke riƙe albashi da alawus na wasa, su cusa yara a cikin bas su kwana a hanya, su sauka da kumburarrun ƙafafu su shiga fili. Wanda hankalinsa yake kan kuɗin haya da abincin iyali ba zai ba da fasin da ke buƙatar nutsuwa ba.

Kada kuma a ce mana haka rukuni na biyu ya gada. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana cikin wannan gasa tamu ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa, ta doke Abia Warriors da ci 2-0 a wasan ƙarshe a Legas ƙarƙashin koci Aliyu Zubairu, ta kuma haye babbar gasa a shekarar. Kano Pillars da ta faɗo a 2022 kaka ɗaya ta yi a nan ta koma inda ta fito a 2023. Su sama suka kalla, mu kuwa a yadda ake tafiya gasar NLO, wato rukuni na uku, ce take ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Abin da muke nema a wasan gida mai zuwa ba ya cin ko sisi: a sa mutum uku a tsakiya, lamba 6 ya zauna a gaban 'yan baya, matashin nan mai lamba 8 ya tsaya a gefensa, a saki kyaftin ya koma bayan ɗan gaba ɗaya, a kuma gaya wa 'yan gefe cewa duk wanda ba zai dawo ya taya tsaro ba benci ne wurinsa. Idan koci yana ganin tsarinsa ya fi wannan, to ya fito gaban magoya baya ya yi bayanin yadda mutum biyu za su tsare uku, kuma shugabanni su zo taron da takardar da ke nuna watan da aka biya yaran nan albashi na ƙarshe.