Jan biro ba ya koya wa yaro rubutu

'Yata da ke aji uku na firamare ta dawo daga makaranta da littafin insha'i, ta ƙi bari in gani. Da na lallashe ta na buɗe, sai na tarar da layi takwas da ta rubuta a kan ƙanenta, an bi su da jan biro kusan kalma bayan kalma, a ƙasa an rubuta "ki gyara". Ba a ce mata me za ta gyara ba, ba a ce don me ba. Ranar ta ce mini ita ba ta iya rubutu ba. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan.

Ni ina cikin masu son a tsananta wajen ƙa'idojin rubutu. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsayin wasali, don haka 'yan abubuwan da yake nunawa nauyinsu babba ne. Wanda ya yar da lanƙwasar ƙ ya mayar da baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. Wanda ya bar ɗ ya haɗa ɗari da dari, wanda ya bar ɓ ya haɗa ɓari da bari. Raba kalma da haɗe ta ma haka suke: "ita ce" daban, "itace" daban; "su ma" daban, "suma" daban. Waɗannan ƙa'idoji an sha wahala kafin a tsayar da su. Haruffa masu lanƙwasa sun shigo bokon Hausa tun shekarun 1930, an zauna a Bamako a 1966 a ƙarƙashin UNESCO, an kuma sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Dole yaranmu su san su. Inda na saɓa da abin da ake yi shi ne hanyar koyarwar.

Ana fara wa yaro da hadda: suna shi ne kaza, aikatau shi ne kaza, wakilin suna shi ne kaza. Yara su maimaita da ƙarfi har ajin ya ɗauka, ranar jarrabawa su juye, a ba su maki. Ka ce ɗaya daga cikinsu ya rubuta jimla uku a kan abin da ya gani da safe, sai ya tsaya yana kallonka. Alhali wannan yaron tun kafin a sa shi makaranta nahawu na bakinsa. Ba zai ce "yarinya ya zo" ba. Yana cewa "rigar malam" da "littafin malam" ba tare da kowa ya gaya masa cewa -r ta mace ce, -n ta namiji da jam'i ba. Ashe aikin malami shi ne ya nuna masa abin da ya riga ya mallaka, sannan ya raɗa masa suna. Rubuta "rigan malam" a allo, ka tambayi 'yan aji ko ta yi musu daɗi a kunne. Daga amsarsu darasin jinsi zai fito, kuma ba za su manta ba.

Alamomin rubutu kuwa da murya ake koyon su. A rubuta "Ya zo." da "Ya zo?" da "Ya zo!" a sa yara su karanta kowace da babbar murya. Nan take za su ji aikin aya, da alamar tambaya, da alamar motsin rai. Haka na yi da 'yata a kan layukanta takwas. Na ce ta karanta mini daidai yadda ta rubuta, kada ta tsaya sai inda ta ga alama. Ba ta kai layi na huɗu ba numfashinta ya ƙare, ta yi dariya, ta ɗauki fensir da kanta ta fara neman inda za ta sa aya. Waƙafi na bar shi sai wani makon, domin ya fi aya wuya, manya ma yana ba su ruwa.

Ina roƙon malamai abu guda: a riƙa gyara kuskure ɗaya a lokaci ɗaya. Idan wannan makon na babban baƙi ne a farkon jimla, to a kawar da kai daga sauran kurakuran tukuna. A yi shifta ta minti biyar kullum da jimlolin da yaran suka faɗa da bakinsu, a bar kowa ya duba na maƙwabcinsa. Na san ajin da ke da yara masu yawa ba ya barin malami ya zauna da kowane ɗaya, shi ya sa ma wannan hanyar ta fi sauƙi, don neman kuskure iri ɗaya a littattafai da yawa ya fi saurin ƙarewa.

Mu iyaye kuma akwai namu. Yaro yana leƙa wayarmu, yana ganin "xan xo" da "ya na nan" da saƙo mai layi goma babu aya ko ɗaya. Na sa madannin Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ a wayata, yanzu 'yata ce ke rubuta wa kakarta saƙon gaisuwa, ni kuma ina gefe. Jiya ta rubuta "zata zo", ta tsaya ta dube shi, ta goge, ta mayar da shi "za ta zo" ban ce mata komai ba.