Shugaban Aikin Gayya Shi Ke Fara Shiga Kwata

Ƙannena matasa da ke jagorantar ƙungiyoyin tsaftace unguwa a Agege da Idi-Araba da kewayen kasuwar Mile 12 a Legas, wannan magana da ku nake yi, domin na riga ku riƙe irin wannan aiki, kuma na riga ku ɓata shi. Kusan duk damina, da zarar ruwa ya shiga ɗakunan mutane ya jiƙa katifu, sai a kafa sabuwar ƙungiya, a buga riguna masu tambari, a ɗauki hotuna a sa a Facebook, amma kafin wata uku ya cika sai ka tarar shugaba da ma'aji ne kaɗai suka rage, suna zaune suna cewa matasan yanzu ba su da kishi. A nawa ganin, sau da yawa ba kishin ne babu ba, riƙon ne bai yi kyau ba.

Manyanmu sun san tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo asali tun zamanin mulkin soja na Buhari da Idiagbon, lokacin da ake hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, wanda aka kama a titi kuma ya sha hukunci. A 2015 kotu ta ce tsare mutane a gida saboda shara ba ya bisa doka, gwamnatin jihar Legas ta Gwamna Ambode kuma ta soke tsarin a ƙarshen 2016. Wancan aiki da bulala aka yi shi. Ku kuwa ba ku da bulala, ba ku da albashin da za ku yanke wa kowa, don haka duk wanda ya fito da shebur ranar Asabar kyauta ya kawo muku, kuma ba a karɓar kyauta da tsawa. Telan da ya rufe shagonsa, da ɗan dakon da ya bar motar tumatir ana saukewa, da ɗalibin da ya ajiye karatunsa, kowannensu ya san abin da awa biyun nan ta ci masa. Idan ka ce ƙarfe 7, to a same ka a wurin kafin 7, idan kuma ka ce za a tashi ƙarfe 9, a tashi ko da aikin bai ƙare ba, domin mutumin da aka ɓata wa yini guda sau ɗaya ba ya dawowa.

Ga kuskuren da na yi, wanda har yau nake jin kunyarsa. Wata Asabar a farkon damina mun kwashe kwatar layinmu tun daga bakin masallaci har zuwa kwalbatin babban titi. Na ga yara sun nutse har gwiwa cikin baƙin laka, suna fito da ledojin ruwa da robobin lemo da tsummokara, wani ma kwalba ta yanke shi a ƙafa saboda ban tanadi takalman roba ba, ni kuwa ina tsaye a gefe da farar riga ina nuni da hannu. Muka tara dattin tsibi-tsibi a bakin kwata da niyyar idan ya tsane a nemi mota, alhali ban yi magana da kowa ba a kan motar. Daren Litinin aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin asuba duk abin da muka fitar ya koma inda ya fito. Asabar mai zuwa ko rabin mutanen ba su zo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Tun daga ranar na daina kiran aiki sai na fara sanin wanda zai kwashe sharar, ko motar hukumar kwashe shara ta jiha, wato LAWMA, ko ta 'yan kwangilar da ke zagaya unguwa, da ranar da za ta zo, da abin da za a biya. Na kuma daina sa farar riga.

Haka nan ku guji ɗaukar abin da ya fi ƙarfinku. Shugaba mai zafin farawa yana son ya gyara unguwa duka a wata ɗaya, amma abin da ke riƙe mai aikin sa-kai shi ne ya ga aiki ya ƙare a idonsa: layi ɗaya, kwata ɗaya, ruwa yana wucewa, maƙwabta suna sa albarka. An ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, kuma kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ce. Ku riƙa tuna wa junanku wannan, amma kada ku mayar da lada abin rufe bakin wanda ya tambayi ina kuɗin baro suka shiga.

Maganar kuɗi kuwa ita ce ta fi kashe ƙungiyoyinmu. Ko Naira 500 aka tara, a karanta ta a gaban kowa, a faɗi abin da aka saya, a nuna shi. Idan zaɓe ya matso za ku ga masu neman kujera suna kawo tsintsiya da riguna masu hotonsu. Ban ce ku ƙi taimako ba, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ranar da ƙungiya ta zama ta jam'iyya ɗaya, rabin unguwa sun fita daga cikinta.

Sannan ku san waɗanda suka riga ku a wannan fage. Baban bolan da kuke wucewa ba ku gaishe shi ba, ya fi ku sanin kuɗin kilon roba da gwangwani da inda ake sayensu, kuma idan kuka jawo shi da mutunci, robobin da kuke tarawa za su iya saya muku safar hannu da manjagara ba tare da kun roƙi kowa ba. Iyayenmu mata masu sayar da abinci su ma abokan aiki ne. Tun watan Janairun 2024 gwamnatin jiha ta haramta farin mazubin abincin nan mai kama da soso wanda ke toshe magudanai, amma yaro ɗan shekara 20 da ya je yana ɗaga wa sa'ar mahaifiyarsa murya a gaban masu sayen tuwo babu abin da zai samu sai gaba. A je da sallama, a tuna mata amai da gudawar da ya ɓarke a Legas a watan Yunin shekarar, domin ita ma tana da 'ya'ya a layin. Kwata kuma ba ta san Bahaushe ko Bayarabe ba, saboda haka kafin ku fara ku sanar da liman da fadar Sarkin Hausawa, ku kuma sanar da masu gidaje da ƙungiyar ci gaban unguwa, ko ba komai za su ba ku aron baro.

Idan wani ya daina zuwa, kada a kira sunansa a taro ana zargi. Ka taka ka je inda yake, ka gaishe shi, ba tare da ka ambaci shara ba. Wani kuɗin haya ne ya taso masa, wani mahaifiyarsa ce ba lafiya a Katsina ko Sakkwato, wani kuma ya yi wata shida yana tura baro amma ko sau ɗaya ba a ambace shi ba, kullum sunan shugaba ake ji. Irin wannan na ƙarshen ba haƙuri yake bukata ba. Ka damƙa masa layi guda ka ce shi ne zai tsara aikin Asabar mai zuwa, kai kuma ka zo da sheburinka ka tambaye shi ta ina za ka fara.