Manajan cibiyar zanen Aborijin: aikin mutum goma a wuyan mutum ɗaya

A 1977 wani banki a Ostareliya ya sayi zanen Clifford Possum Tjapaltjarri mai suna Warlugulong kan dala 1,200, da aka zo gwanjonsa a 2007 sai da ya kai dalar Ostareliya miliyan 2.4. Shi mai zanen ya riga ya rasu tun 2002, kuma dokar da ke ba mai zane ko magadansa kashi 5 cikin 100 in an sake sayar da aikinsa ba ta fara aiki ba sai 2010. Duk wanda ya ji wannan labarin zai gane dalilin da ya sa 'yan asalin ƙasar, Aborijin, suka riƙe cibiyoyin zanensu hannu bibbiyu, don su ne garkuwarsu daga dillalai masu shigowa ƙauye da tsabar kuɗi ko tsohuwar mota su ɗauke tsoho su kai shi birni ya yi ta musu zane a farashin banza.

Cibiyoyin nan na masu zanen ne, su ke zaɓar kwamiti a cikinsu, kwamitin ne ke ɗaukar manaja aiki. Ernabella Arts da ke Pukatja tana nan tun 1948. Papunya Tula ta kafu a 1972, shekara ɗaya bayan wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa wa dattawan Papunya gwiwa su riƙa zana labaran ƙasarsu da fenti. Akwai Warlukurlangu a Yuendumu, akwai Buku-Larrnggay Mulka can arewa a Yirrkala. Tsarin a takarda ba shi da laifi ko kaɗan. Inda nake da magana shi ne kujerar manajan, don ni dai a ganina an jibga wa mutum ɗaya kayan da ya fi ƙarfinsa, sannan ana mamaki in ya sauke ya gudu ko ya yi ɓarna.

Duba yadda wuninsa yake. Da sassafe ya tada Land Cruiser ya bi gida-gida ya ɗauko tsofaffin da ba sa iya takowa, ya dawo ya ɗora ruwan shayi, ya ja kyallen zane a jikin katako ya shafe shi da fentin ƙasa, ya zuzzuba kaloli a 'yan ƙananan robobi. Tsohuwa ta zauna a ƙasa ta shimfiɗa kyallen a gabanta, ta tsoma ɗan tsinke a fenti tana ɗiga ɗigo ɗaya bayan ɗaya tana rera waƙar wurin da take zanawa, wani tafki ne ko dutse da kakanninta suka bar mata haƙƙinsa. In ta gama, manajan ne zai ɗauki hoton zanen, ya rubuta iya labarin da ta yarda a faɗa, don akwai wanda ba a faɗa wa baƙo, ya shigar a kwamfuta da lamba, ya sa farashi, ya naɗe ya tura wa shagon zane a Sydney ko Melbourne, kuma kafin magariba ga rahoton tallafin gwamnati yana jira, ga lissafin haraji, ga wata da za a kai kilinik, ga shirin baje kolin Darwin na watan Agusta da na Desert Mob a Alice Springs a Satumba. Papunya kanta kusan kilomita 240 ce daga Alice Springs, wasu ƙauyukan sun ninka haka, in damina ta sauka a arewa hanya yankewa take yi. A 2011 ambaliya ta shiga cibiyar Warmun ta lalata zane masu yawan gaske.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mai zafin. Mai zane kan samu rabi ko fiye da rabi kaɗan na kuɗin ciniki, sauran ya koma cibiya don fenti da mai da albashi, amma ciniki ba kullum ba, zane zai iya wata shida a bango, kuma ita tsohuwar tana da jikoki da 'yan uwa da ke jiranta a ƙofa. Manajan ne zai kalli idonta ya ce babu komai a asusunki yau. In aka yi rasuwa kuma aiki ya tsaya cak har a gama zaman makoki, a daina kiran sunan mamacin, a sauke hotunansa, kuma wallahi daidai ne hakan, sai dai mai saye a birni bai san wannan ba, yana ta waya.

Mafi yawan manajojin nan baƙi ne, galibi Turawa matasa da suka karanta zane a jami'a, ba sa jin harsunan mutanen, irin Pitjantjatjara ko Warlpiri, kafin su gane wa ke da haƙƙin wane labari sun gaji sun tafi, sabo ya zo a sake daga farko. Kuma in iko ya taru a hannun baƙo ɗaya, zargi ba ya nisa. A 2023 jaridar The Australian ta fito da zargin cewa ma'aikata Turawa na sa hannu a zanen wasu masu zane na ƙungiyar APY Art Centre Collective, har babban gidan adana zane na ƙasa a Canberra ya ɗage baje kolin Ngura Pulka. Binciken da gidan ya sa aka yi ya ce zanukan da ya duba sun cika sharuɗɗansa, amma kafin nan shakku ya riga ya shiga kasuwa, ya taɓa har cibiyoyin da ba ruwansu.

Wani zai ce to a kori baƙi a ba 'yan gari mana. Ba haka da sauƙi ba, kuma mu da muka san nauyin dangi mun fi kowa gane wannan, yaron gari da aka ba makullin asusu ta yaya zai ce wa gwaggonsa a'a? Akwai dattawan da da gangan suke son baƙo a kujerar, don shi ba wanda zai matsa masa da zumunci. Na yarda da wannan hujjar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da ita dalilin zama a haka har abada, shekara 50 da wani abu bayan Papunya.

A raba kujerar. Kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba cibiyoyin ya kamata ya ishi ɗaukar mutum biyu ko uku, da gidan kwana mai kyau da hutu na gaske, a ware mai lissafi daban, sannan matasan gari da ke aiki a ɗakin zane, waɗanda ƙungiyoyin tallafa wa cibiyoyin zane irin Desart da ANKA suka daɗe suna horarwa, a ba su albashin kirki da matakin hawa, ba jan kyalle da shara kawai ba. Kwamiti kuma a riƙa karanta masa lissafi da harshensa, yadda in manaja ya karkace za su gani da wuri.

Mutanen nan sun nuna sun iya yanke wa kansu shawara. A shekarar 2000 masu zanen Papunya Tula daga Kintore da Kiwirrkurra suka haɗu suka yi manyan zanuka aka yi gwanjo a Sydney, aka tara sama da dala miliyan 1 don a kawo injin wankin ƙoda ƙauyensu, saboda dattawansu na ƙarewa a Alice Springs nesa da gida. Daga nan Purple House, ƙungiyar da ke kai wa Aborijin wankin ƙoda ƙauyukansu, ta samo asali, kuma a 2004 aka fara wankin ƙoda a Kintore.