Kafin ka taɓa layin sadarwar VM tana aiki

A da, in za a ƙara wa sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, katin sadarwa, sai an kashe ta an kwance murfinta. Yanzu VM, wato kwamfutar da manhaja ke ginawa a cikin wata babbar kwamfuta, ana sa mata kati ko a cire tana tsaka da aiki. A KVM, manhajar gina VM ta Linux, umarnin virsh attach-interface ne ke yi, takwaransa Hyper-V na Microsoft kuma ya samu wannan damar tun Windows Server 2016. Sauƙin nan, a ganina, shi ya koya wa masu kula da sabar ganganci.

Galibi mai aikin ta SSH yake shiga, wato hanyar ba kwamfuta umarni daga nesa, ta kan layin da yake shirin canzawa. Ya kuskure lamba ɗaya a adireshin IP, ya danna Enter, sai allo ya tsaya cak. VM ɗin tana can lafiya lau, shi ne dai aka bari a waje. Manya ma ba su tsira ba: ranar 4 ga Oktoba 2021 wani umarni da aka bayar yayin gyara ya katse Facebook, WhatsApp da Instagram kusan awa 6, har sai da injiniyoyi suka taka da ƙafarsu zuwa inda sabar suke.

Maganin kuwa kyauta ne. A Ubuntu, wani nau'in Linux, akwai umarnin netplan try, wanda zai ɗora sabon tsarin ya jira ka daƙiƙa 120. In bai ji daga gare ka ba, ya mayar da tsohon. Sannan a buɗe console, wato tagar da ke nuna allon VM kai tsaye, tun kafin a fara, domin shi ta uwar kwamfutar yake bi, babu ruwansa da layin VM.

Abin da ya fi damuna shi ne canjin da ya yi kyau. A virsh, in ka sa --live (canjin ya fara aiki nan take) kaɗai babu --config (a adana shi a fayil ɗin tsari), katin zai yi aiki har ranar da aka kashe VM ɗin aka kunna, sai ya ɓace. Wata da watanni sun wuce, wanda ya sa shi ya manta, ko ma ya bar wurin, a bar sabon ma'aikaci da lalube.

Wasu za su ce a jira dare a kashe ta kawai, a huta. Ga ƙaramin ofis, to, babu laifi. Amma sabar banki ko ta asibiti ba ta da dare, dole a yi gyaran tana aiki, a kuma rubuta shi a fayil ɗin tsari a wannan zaman.