Ƙannena, Kiɗa Ba Ya Wanke Mutum

Assalamu alaikum ƙannena, samari da 'yan matan Garwa da Marwa da Ngaundare, har da na ƙetaren kogi a Njamena.

Ranar Asabar da ta wuce an toshe mana hanya a unguwa, an kafa rumfuna, wai wani mai neman kujera zai ba ƙungiyar makaɗan samari kyautar jita da piyano da lasifika. Kafin a kira magariba hotuna sun cika Facebook da TikTok. Wannan ya ce uban mawaƙa, wancan ya ce gatan al'ada, wata ta ce garkuwar matasa. Ku kuka rubuta, da hannunku. Mutumin da shekara da shekaru ba a ji bakinsa a kan ruwan sha ba, ba a ji shi a kan ɗaukewar wuta ba, ba a ji shi a kan ajin da yara ke zama a ƙasa ba, yini ɗaya ya zama waliyyi don ya sayi lasifika. Haba ƙannena!

Kada wani ya ce ina gaba da kiɗa ko ina baƙin ciki da abin da yaran suka samu. Allah ya sa kayan su amfane su. Abin da ke ƙona mini rai shi ne saurin da kuke yi wajen ba mutum shaidar kirki saboda kyautar da ya yi a gaban kyamara. Ruwa ba ya tsami banza. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Me ya sa kyautar ba ta zuwa sai zaɓe ya ƙarato? Me ya sa masu ɗaukar hoto suka fi makaɗan yawa? Me ya sa sunansa a jikin allon ya fi sunan ƙungiyar girma?

Wannan dabara ta girmi iyayenku. Bayan Gini ta sami 'yanci a 1958, Seku Ture ya kafa ƙungiyoyin makaɗa na gwamnati, ya saya musu kayan kiɗa, ya sa su cikin masu albashi. Daga cikinsu Bembeya Jazz ta fito, duk Afirka ta yi rawa. Amma a daidai lokacin da faifan ke juyawa, mutane na mutuwa a kurkukun Boiro a Konakiri. Fodeba Keita, wanda ya kafa ayarin rawar da ya kai sunan Gini duniya, har ya zama minista, an kama shi a 1969, bai fito da rai ba. Mobutu na Zayar (Kongo ta yau) ma haka: a 1974 ya tara manyan mawaƙan duniya a Kinshasa, ya kawo damben Muhammad Ali da Foreman, don a yi ta maganar shagali a manta da yadda ake wawure dukiyar ƙasa. 'Yan uwanmu na Chadi su tambayi tsofaffinsu labarin shugaba Tombalbaye, wanda ya ɗaure wa ƙungiyar makaɗa ta Chari Jazz gindi, ya yi shelar juyin al'adu a 1973, ya sauya sunan babban birni daga Fort-Lamy zuwa Njamena. Da sunan al'adar nan aka tilasta wa ma'aikata shiga tsafin yondo, kuma a 1975 sojoji suka kashe shi. Ko Turawa ba a bar su a baya ba. A watan Mayun 2016 Rasha ta kwashi ƙungiyar makaɗa sukutum ta kai tsohon birnin Palmira na Siriya, aka yi kiɗa a gaban 'yan jarida alhali jiragenta na ruwan bama-bamai a ƙasar.

To in shugabannin ƙasa sun yi, ɗan takarar unguwarku ne ba zai yi ba? Shi dai nasa ƙarami ne, jita uku da janareta.

Ku dubi abin da ke faruwa ranar da mawaƙi ya ƙi bin layi. A Legas an yi gagarumin bikin al'adun Afirka na FESTAC a 1977, aka kashe kuɗi ba na wasa ba. Mawaƙi Fela Kuti ya ƙi shiga, kwanaki kaɗan bayan rufe bikin sojoji suka ƙone gidansa. A nan gida Kamaru, shekarar 2008 da aka kawo bikin al'adu na ƙasa Marwa, ita ce shekarar da aka ɗaure mawaƙi Lapiro de Mbanga bayan ya yi waƙar sukar gyaran tsarin mulki. Shekara uku ya yi a gidan kaso. Mai son kiɗa tsakani da Allah yana son sa ko da ya taɓa shi. Wanda ba ya so sai an ambaci sunansa, kansa yake so.

Ku kuma makaɗa da mawaƙa, ku ne abin tausayi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Yau an ba ka piyano, gobe za a turo maka sunayen da za ka yaba da waɗanda za ka zaga, jibi kai ne a bayan mota kana ihu cikin rana. Bayan zaɓe ka kira waya a ce Alhaji yana Yawunde. Nawa muka gani sun tsufa ba ko kuɗin magani, sai an yi musu karo-karo? Rikicin kuɗin haƙƙin mallakar waƙa ya shekara da shekaru a ƙasar nan, a rushe wannan hukuma a kafa waccan, amma ban ga kun cika Facebook a kansa ba. Sai dai liƙi. A manna wa yaro takardar jaka goma a goshi, ku yi ta shewa kamar an ba shi gida.

Ga kuma abin da ke biyo bayan irin wannan taro, wanda kowa ya sani ana kawar da kai. Taramol na yawo hannu da hannu, yara mata ƙanana na kaiwa tsakar dare a waje, 'yan canjin da aka raba kuma kafin gari ya waye sun tafi gidan cacar ƙwallo. Wai wannan ne raya al'ada.

Ku dawo cikin hankalinku, ku san darajar kanku, ku riƙa tambaya kafin ku tafa. Mutum ya yi muku alheri ku gode, amma godiya daban, shaida daban. Shaida abu ce da Allah zai tambaye ku a kanta.

Da can ba haka muka taso muka tarar ba. Makaɗin fada yana da ubangida, gaskiya ne, amma ubangidan ne ke ɗauke da cinsa da suturarsa da auren 'ya'yansa har mutuwa, ba na wata uku ba ne. Mai algaita a ƙofar Lamido ya gaji abin daga mahaifinsa, ya san kirarin kowane gida da asalinsa. Maroƙi kan tsaya a gaban attajiri ya yi masa habaicin rowa, jama'a su gane, attajirin ya sunkuyar da kai. Ana jin tsoron bakin mawaƙi a lokacin. Yanzu tsofaffin masu kakaki da goge da kalangu ana ɗebo su a mota, a jera su cikin rana tun hantsi, su busa in babban baƙo ya sauko, a ɗauki hoto, a sallame su da abin da bai kai kuɗin babur ba. 'Ya'yansu sun ƙi koyo, kuma ban ga laifinsu ba. Ku da ya kamata ku ji zafin wannan, ranar Asabar kuna can kuna rige-rigen ɗaukar hoto da lasifika.